Na Hagu Ya Fara

Tela Sallau ne ya tona asirin.
Ya naɗa tef a damtsena na dama, ya rubuta,
ya zagayo na hagu, ya auna, ya sake aunawa,
ya cire tabarau ya goge da bakin riga:
"Inci ɗaya da rabi, Tanimu.
Rigar mutum ɗaya zan ɗinka, ko ta biyu?"

Na yi dariya a shagon.
A hanyar gida ban yi ba.

Shekara goma sha huɗu a Panteka
ina farke cikin durom, ina shimfiɗa shi ya zama faranti.
Na dama ke ɗaga guduma,
na hagu na riƙe da awartaki, yana shan girgiza.
In ciniki ya faɗa, na dama ke karɓar kuɗi,
shi ke gaisawa, shi ke kai loma.
Rana ɗaya aka haife su,
ɗaya ya ci gado, ɗaya aka bar masa tsarki da fyace majina.

A wani kango a Tudun Nupawa
Ayuba Kantoma ke tara samari bayan la'asar.
Ƙarafansa giyar tsohuwar tifa ne,
da siminti da aka daskarar a gwangwanin madara.
Na cafki doguwar sanda da hannu biyu, na ɗaga,
ya ce, "Ajiye.
Dubi yadda ta karkace.
Babban yana yi wa ƙaramin satar aiki,
kai kuma kana ce masa taimako."

Ya miƙo min gwangwani ɗaya tak.
"Na hagu zai fara.
Inda ya tsaya, nan na dama zai tsaya."

Ɗaya. Biyu. Biyar lafiya lau.
A na bakwai gwiwar hannu ta fara rawa,
kafaɗa ta taso za ta kawo agaji,
Ayuba ya danne ta da yatsa biyu.
Takwas.
Daga nan ko da kuɗi.

Na dama ya yi takwas ɗinsa kamar mai korar ƙuda,
yana ƙaiƙayi, yana neman ashirin.
Na hana shi.
Ban taɓa hana shi komai ba sai ran nan.

Damina ta sauka, kogin Kaduna ya cika ya yi ja,
kangon ya yi yoyo, muka matsa lungu.
Takwas ta koma tara,
tara ta zauna mako uku ba ta motsa ba,
har na ce ko gwangwanin ne ke shan ruwa yana ƙara nauyi.
Na koma ɗaukar bokiti da hagu,
buhun gawayi da hagu,
Hanne ƙarama in ta rugo da gudu, da hagu nake cafe ta.
Ranar da na manta na miƙa wa Inna goro da shi
ta bi hannun da kallo har na sauya.

Jiya na koma wurin Sallau.
Tef ya zagaya, ya sake zagayawa.
"Saura inci ɗaya."
Wata huɗu, rabin inci.
Gobe kuma guduma na jiran na dama,
za ta ci gaba da yi masa ɗura kamar kullum,
don ba zan bar sana'a saboda hannun riga ba.

Ya ce, "To, yaya zan yanka?"
Na ce ya yanka duka biyun daidai da babban.
Ɗayan zai yi ɗan lilo a ciki.
A bar masa wurin.